Likita Ya Ce In Yi Tafiya, Gida Suka Ce In Kwanta

Na sha wuya. Ban san yadda ake faɗin wannan da ado ba, karatuna bai kai can ba, ajin manya na yamma na yi har na iya haɗa baƙi da girmana. Ciwon zuciya ya kama ni ina da shekara hamsin ko kusa da haka, amma ba ciwon ne ya fi gallaba ta ba, jinyar ce. Mutanen da suke sona su suka kusa gamawa da ni, kuma har gobe ina yi musu godiya, don babu wanda ya yi da mugunta. Na rubuta wannan saboda wanda abin zai samu a bayana.

Sana'ata fata da ƙirgi. Asalinmu Kano, amma a nan Yerwa, ƙasar Barno, na yi wayo. A Gamboru nake zaune da matata Falmata, Babarbariya ce. Iyayenmu sun rasu ina ƙarami, yayana Alhaji Inuwa shi ya riƙe ni, shi ya koya mini duba fata, shi ya yi mini aure. Gidansa yana Hausari, ƙetaren gulbi. Tun da nake ban taɓa yi masa musu ba.

Shekarar da jirgin ƙasa ya iso garin nan, da bazara, ina ɗora ɗaurin ƙiraga a kan sikelin kamfanin da ke sayen fata sai na ji kamar an aza mini buhun gyaɗa a ƙirji. Hannuna na hagu ya mutu, gumi ya karyo mini, na zauna a ƙasa daɓas. Leburori suka ce rana ce ta buge ni, suka kwara mini ruwa. Gaskiya kuwa wata biyu kafin nan, in na yi sauri ina jin wani abu yana tokare ni a ƙasan maƙogwaro. Na ce ƙwarnafi ne, na yi ta shan kanwa. Wannan wautata ce, ba ta kowa ba.

A bayan lorin kamfani aka kai ni asibiti. Sati biyu na yi a gado. Likitan Bature ne, dogo, ba ya dariya. Mai yi mana tafinta wani malamin asibiti ne, ɗan ƙabilar Babur, mutumin kirki, Allah ya saka masa, shi yake juya ni in bayana ya gaji. Ranar da za a sallame ni Yaya yana tsaye a kaina. Likita ya ce in ƙara sati huɗu a kwance a gida, kada in ɗaga ko buta. Ban da gishiri, ban da kitse, ban da taba. Ya ba ni wasu ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi, ya ce in ƙirji ya riƙe in sa ɗaya a ƙarƙashin harshe. Yaya ya sa malamin ya maimaita masa sau biyu, ya ce ya ji, ya ɗauka.

Aka shimfiɗa mini a turakata, dubiya ta fara. Mutanen Barno ba a fi su iya gaisuwa ba, wannan kowa ya sani. Daga hantsi zuwa magariba ƙofar nan ba ta hutawa. Wushe, lale, ya jiki, ya ƙarfin jiki, ya haƙuri, Allah ya sa kaffara ne. Wani ya fita wani ya shigo, a sake daga farko. Kowa kuma da maganinsa. Wanzami ya yi mini ƙaho a baya har wuri bakwai. Malamin unguwa ya aiko da rubutu, na sha, wannan ban ƙi ba. Falmata ta rufe taga ta cika ɗakin da turaren wuta, wai kada iska ta shige ni, ni kuwa iskar nake nema. Yaya kullum sai ya aiko da farfesun kan rago, man shanu yana yawo a sama. Na ce masa likita ya hana. Ya ce mara lafiya ba ya tashi sai da maiƙo, Bature bai san abincinmu ba. Maganar kwanciya ya riƙe da hannu biyu, maganar kitse ya bar ta a asibiti.

Asibitin kansa bai ci mini abin kirki ba. Goro da shayin masu dubiya su suka ci, ga rumfata a rufe, lokacin fata yana wucewa.

Sati na shida aka ce in koma. Yaya ya tafi Kano da kaya, sai maƙwabcina Modu ya goya ni a kekensa. Mun isa gari bai gama wayewa ba, amma mun tarar da mutane a jere ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, kowa da katinsa da kwalbarsa. Ba a kira ni ba sai kusan azahar. Modu ya tsaya waje yana gadin keke, ni kaɗai na shiga. A nan aka yi kuskuren.

Likita ya saurari ƙirjina, ya ɗaura mini abin awon jinin nan a hannu ya hura. Sai ya sa yatsunsa biyu a kan tebur, ya tafiyar da su kamar ƙafafun mutum daga wannan gefe zuwa wancan, yana kallona. Malamin ya ce kwanciya ta ƙare, yanzu tafiya ce magani. Kullum da safe kafin rana ta yi zafi, da yamma kuma in ta yi sanyi. A hankali, ba gudu, ba ɗaukar kaya, amma ba tsaye-tsaye. In fara da ƙarshen layinmu, kowane sati in ƙara kaɗan. In ƙirji ya riƙe in zauna, in sa ƙwaya, in ya saki in tashi. Ya ce zuciya kamar doki take, in ta ji ciwo a ɗaure ta ta warke, amma in ta daɗe a turke, ranar da aka buƙace ta ba za ta kai ko'ina ba. Ban sani ba ko likitan ne ya faɗi haka ko malamin ne ya ƙara da nasa, amma ta zauna mini.

Na ce, "To ina zan je?"

Malamin ya yi dariya ya ce, "Ba ko'ina, Baba. Ka je ka dawo."

Ya ce ai Turawa haka suke yi da yamma a unguwarsu. Na ce Bature in ya yi, shan iska ne. Magidanci kamata in aka gan shi yana zuwa yana dawowa ba saƙo ba kaya, ɗayan biyu ne, ko jarinsa ya karye ko kansa ya taɓu. Bai fassara wa likita wannan ba.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Duk wanda ya shiga da kai wajen likita ranar farko, ka ja shi ya shiga da kai kowace rana, ko zai yi fushi, ko zai bar kasuwarsa. Maganar da babba ya ji da kunnensa ba ta goguwa da maganar da ƙarami ya kawo a baki.

Washegari na sa takalmi na fita. Falmata tana ta magana a bayana, ban juya ba. Ban yi taku ashirin ba mai tireda ya tare ni da gaisuwa. A garin nan ba a gaisawa a tafe. Sai an tsaya, an tuɓe takalmi in babba ne, an tambayi gida da yara da zafi da gajiya. Na gama da shi, tela ya fito. Na gama da tela, wani ya jawo benci ya ce in zauna. Na ce tafiya nake yi. Suka ce ina zuwa? Na ce ba ko'ina. Na ga sun kalli juna. Kafin in kai ƙarshen layi wani ya kawo jaki, wani ya riƙe mini hannu, Modu ya fito da kekensa ba ko hula. Haka aka mayar da ni gida kamar akuyar da ta tsinke. Sau uku na gwada, sau uku aka dawo da ni. Rana ta huɗu Falmata ta ji a maƙwabta ana cewa ciwon ya hau mini kai. Ta shigo tana kuka.

Na ce to, bari in yi a cikin gida. Na fara zagaya tsakar gida, daga bakin rijiya zuwa gindin lemo in dawo. Amma tsakar gida da rana ba ta namiji ba ce. Matan maƙwabta da ke shigowa jan ruwa suka daina shigowa, masu kawo daka suka tsaya a zaure suna sallama. Falmata ta ce na kore mata mutane, kuma abin da ake faɗa a waje yanzu kowa zai ce ya gani da idonsa. Kwana biyar na yi na bari.

Yaya ya dawo daga Kano aka ba shi labari tun kafin ya sauke kaya. Ya zo ya zauna a bakin gadona. Na gaya masa yadda muka yi da likita, har yatsun na nuna masa. Ya ce shi dai da kunnensa ya ji an ce kada in ɗaga ko buta. Na miƙa masa katin asibiti, na ce an rubuta a nan. Ya juya shi sama da ƙasa, da Turanci ne, shi kuwa ajami ya sani. Na ce a kai wa akawun kamfani ya karanta. Ya ce akawu abokina ne, abin da nake so zai karanto. Na ce to mu je tare wajen likitan. Ya ce ya riga ya je sau ɗaya, ya ji abin da zai ji. Da zai tafi ya sunkuya ya ɗauki takalmana duka biyu, na kasuwa da na Juma'a, ya sa a hammata. Ya ce wa Falmata in na fita a aika masa.

Daga nan sai kwanciya. Sati na takwas, na tara, na goma. Damina ta faɗi, ina jin ƙamshin ƙasa ta ƙarƙashin ƙofa. Na san yawan azarar ɗakin nan, na san wadda gara ta fara ci. Ina jin kukan jirgi da safe, jirgin da duk gari suka je suka gani, ni ban taɓa ganinsa da kyau ba. Jikina ya yi nauyi kamar ragon layya. Ƙafafuna suka kumbura, in na danna da yatsa sai ramin ya zauna. Ciki ya ɗaure, sai in kwana uku ban zaga ba. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai na dafa bango ina haki. Salla a zaune nake yi. Masu dubiya kuwa suna cewa ma sha Allah, na yi ƙiba, jiki ya yi kyau. Ni na san fata. Na san wadda ta cika da wadda ta kumbura.

Ban ce ba su yi mini komai ba. Falmata ita take wanke ni ranar da na kasa, ba ta taɓa ɓata fuska ba. Modu ya bar aikinsa sau nawa saboda ni. Yaya shi ya ci gaba da ciyar da gidana, bai bari na ji an ce babu hatsi ba. Shi ya sa abin ya fi ciwo. Da maƙiyi ne ya tsare ni, da na san yadda zan yi da shi.

Sati na goma sha biyu na koma asibiti, da takalmin aro na Modu. Na roƙi Yaya ya zo, ya ce yana da baƙi daga Fotlami. Aka ɗora ni a kan sikeli. Likita ya duba kati, ya dube ni, ya danna ƙafata, ya yi magana mai tsawo fuskarsa ta yi ja. Malamin ya fassara da gajeriyar magana, na san ya rage. Da muka fito baranda ya riƙe ni ya ce, tsakaninsa da Allah, in na ƙara wata uku a haka ba sai na dawo ba, don ba abin da za su iya yi mini. Ya ce ƙwayarsu ba ta yin aikin ƙafa. Na ce ya rubuta mini da Hausa. Ya rubuta a bayan wata takarda, da boko.

Ranar nan da la'asar Yaya ya zo kamar kullum, da kwanon farfesu a bayansa. Na karanta masa takardar da kaina, a hankali, yadda na iya. Ya ce ni na karanta, ni na ji. Sai raina ya ɓaci. Na ce kwanon nan a mayar, ba zan ƙara ci ba, kuma gobe zan fita ko da takalmi ko babu. Yaya ya dube ni. Sannan ya ce, "Garba, ka san inda kabarin Baba yake?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "Ni ma ban sani ba, kuma ni na haƙa shi."

Na san mahaifinmu a hanyar fatauci ya rasu, tsakanin Kano da nan, iyakar abin da aka taɓa gaya mini ke nan. Ranar Yaya ya faɗi sauran. Ya ce yana da shekara goma sha biyar, suna tafe a ƙasa bayan jakuna, Baba ya dafe ƙirji ya ce hannunsa ya mutu. Yaya ya ce su huta, Baba ya ce a'a, zango ya kusa, tafiya za ta sake shi. Bai yi nisa ba ya faɗi. Ruwansu ya ƙare tun hantsi. Baba ya yi ta neman ruwa, babu ko na jiƙa leɓe, har ya cika. Yaya da wasu fatake biyu suka rufe shi a gefen hanya, suka sa ƙaya a kai saboda kura. Da ya sake bi ta wurin bayan shekara bai gane wajen ba.

Ya ce, "Na binne mutum ɗaya a gefen hanya. Ba zan ƙara ba. In za ka mutu, ka mutu a ɗakinka inda zan same ka."

Mai hankali a nan zai yi shiru. Ni wata uku na ɗaki ya cinye mini hankali. Na ce Baba ko ba komai a tsaye ya mutu, ni ana so in ruɓe a kwance. Yaya ya ce shi dai ya faɗa, ba zan fita ba. Sai na ji bakina ya ce, "Ai ba kai ka haife ni ba."

Falmata tana bakin ƙofa, ta saki abin da ke hannunta.  Yaya ya tashi, ya gyara rigarsa, ya fita. Mutumin da ya goya ni a bayansa daga Kano, wanda ya ƙi yin aure sai da ya ga na iya ciyar da kaina. Shekara hamsin ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar da na buɗe baki kuma wannan na zaɓa.

Falmata ta ce a tura liman ya ba shi haƙuri, ko bulama, wato mai unguwa. Modu ya ce da sassafe zai goya ni a keke. Na ce a'a. Bakin da ya yi ɓarna ba ya aike, kuma ba a zuwa ba babba haƙuri a kan abin hawa. Wannan su ma sun sani.

Washegari da na idar da sallar asuba na sa riga, na ɗaure ƙwayoyina a ƙyalle na sa a aljihu, na fita ba takalmi. An yi ruwa, ƙasa da sanyi. Mai tireda yana buɗe ƙofa ya gan ni, ya taho da sauri ya ce ina zuwa kuma. Na ce Hausari, na yi wa yayana laifi, haƙuri zan je in ba shi. Ya dubi ƙafata, ya matsa gefe ya ce Allah ya daidaita. Tela ma haka. Babu wanda ya kawo benci, babu wanda ya kawo jaki.

Sau uku na zauna. Na farko a ƙarshen layinmu. Na biyu a bakin gada, a nan ƙirjin ya riƙe sosai, na sa ƙwaya a ƙarƙashin harshe, kaina ya sara, na ce to, ko maganar Yaya ce za ta tabbata. Na yi shahada na jira. Ya saki. Na tashi. Na uku a gindin wani dogon yaro, ina hango ƙofar gidansa. Tafiyar da a da nake yi kafin shayi ya huce, ranar sai da rana ta fito sosai.

Yana zaure a kan buzu da carbi. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na durƙusa, numfashi ya hana ni magana, ya bar ni har ya dawo. Na faɗi abin da na zo faɗa. Na ce shi ne ubana, ban san wani ba, ya yafe mini. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce ya ji.

Ya ce, "Wa ya kawo ka?"

Na ce, "Ƙafata, Yaya."

"Wa zai mayar da kai?"

Na ce ita. Na ce kuma gobe ma zan zo gaishe shi, da jibi, in Allah ya bar ni. Bai hana ni ba. Na yi masa sallama na fito, na kama hanya a hankali yadda aka ce. Da na kai bakin gada na waiwaya. Yana bayana, nisan jifa, da buta cike da ruwa a hannunsa. Bai kira ni ba, ni ma ban tsaya ba.